Furfurar Baƙin Mai

Shekara talatin da ɗaya ke nan ina riƙe da almakashi, kuma in akwai abin da na koya, shi ne kai ba ya ƙarya. Baki ya yi ƙarya, takarda ma ta yi, amma da zarar mutum ya zauna a kujerata ya ba ni ƙeya, zan faɗi shekarunsa, in na kuskure da ɗaya ce ko biyu. Shi ya sa har gobe in na tuna cewa ni da hannuna na yi ƙoƙarin sa kai ya yi ƙarya, sai kunya ta kama ni, dariya ta biyo baya.

Shagona yana kallon ofishin ɗaukar soja, titi ne kawai a tsakaninmu. Shekarar da aka fara yaƙi, ni aka ba aikin aske sababbin kurata. Kai arba'in nake askewa a rana. Injin aski kan yi zafi har sai na naɗe shi da jiƙaƙƙen tsumma, gashi kuwa da buhu nake kwashewa. Da aka shiga shekara ta uku, in na sami kai uku a mako, to makon ya yi albarka. Inda layi yake zagayawa a da har ya taɓo bakin ƙofata, yanzu akuyar maƙwabta ce ke shan inuwa.

Da suka ga haka sai suka riƙa ɗaga shekaru. Da farko talatin ne iyaka, aka mayar arba'in, aka mayar hamsin. Duk canji sai a kawo sabuwar sanarwa a liƙa min a bango, har bangon ya yi min kaɗan, na ɗora hoton salon aski a kan rabin ta ƙarshen. Manyan baƙaƙen dai kowa yana gani: ana neman maza daga sha takwas zuwa hamsin. Ƙananan rubutun na ƙasa kuwa, wa ke da lokacinsu?

Kujerar mai aski ta fi kotu jin gaskiya. A nan na ji dalilin kowa. Wasu sun tafi don ba su da aikin yi, wasu don an kashe musu ɗan'uwa zuciya ta ɗebe su, wasu kuwa don kakin kawai, su ma a gan su. Masu ƙin zuwa ma da nasu. Wani malamin makaranta ya ce min yaƙin manya ne, su tura 'ya'yansu tukuna. Wani ya ce shi kaɗai uwarsa ta haifa. Amma maganar da na fi ji, daga bakin samari masu ƙarfi a jika, ita ce, "Ba mutuwar muke tsoro ba, Baba. Shiga ba fita muke tsoro. Nuna mana mutum ɗaya da ya tafi aka sake shi ya dawo hutu." Ba ni da wanda zan nuna musu. Ba a sakin na can saboda ba masu canjinsu, ba masu canjinsu kuma saboda an ga ba a sakin na can. Ni dai na ɗaukar wa kaina alkawari ba zan taɓa cewa ɗan wani ya je ko kar ya je ba. In an ce min, "Kai fa?" sai in ce wanzami ba ya son jarfa, a yi dariya a wuce wurin.

Baƙin Mai abokina ne tun muna yawo ba wando. Garejinsa yana bayan shagona, kuma sunan ya samo asali ne daga hannunsa, wanda ban taɓa ganin ainihin launinsa ba. Bakanike ne na manyan motoci, irin wanda in mota ta gagari kowa ake turo masa ita. Matarsa ta rasu da daɗewa, ta bar masa ɗa ɗaya tilo, wanda muke kira Ƙarami don kamarsa da uban kamar an tsaga kara. Ƙarami ya koyi aikin a hannun ubansa, kuma tun shekarar farko ya shiga soja a matsayin bakanike, ya bar matarsa da ciki wata biyar. Aka ce musu shekara ɗaya za su yi a canza su. A lokacin da nake ba da labarin nan ya yi wata ashirin da shida. 'Yar da aka haifa masa ta yi ƙafa, ta fara magana, kuma in ta ga waya a hannun kowa sai ta nuna ta ce, "Baba."

Wata safiya ina cikin wanke tsummokara sai ga Baƙin Mai ya shigo ya faɗa kujera ba ko sallama.

"Sarkin Aska, rufe ƙofa."

"Da safen nan? Ka kashe wani ne?"

"Rufe dai."

Na tura ƙofar. Ya cire hularsa, furfura ta bayyana fari tas kamar an zuba masa gari. Shekararsa hamsin da shida, wata huɗu ya ba ni.

"Jiya yaron nan ya kira," in ji shi. "Na tambaye shi gaskiya, yaushe za a sake shi. Ya ce shugabansu ya gaya masa ƙiri-ƙiri, motoci goma sha huɗu ne a hannunsa shi kaɗai, ba inda za shi sai an kawo bakanike ya karɓe shi. Ka ji? Sai an kawo bakanike."

"Allah ya kawo."

"Ya kawo. Ga shi zaune a kujerarka."

Na dube shi ta madubi, na ga ba wasa a fuskarsa. Na ce, "Kai da gwiwarka ke ƙara in ka tashi daga ƙarƙashin mota? Kai da ba ka cin abu mai tauri sai da haƙoran hagu?"

"Da haƙori ake kwance inji?"

"Hamsin suka ce."

"Shi ya sa na zo wurinka. Cire min bakwai."

Na ƙi. Na ce masa ramin ƙarya ƙurarre ne, na ce in aka kama mu aikina zai tafi, na ce ɗansa ma ba zai yarda ba. Duk ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Jiya da yamma yarinyar nan ta ɗauki wayata ta sumbace ta, ta ce Baba ya yi barci. Ni na koya wa ubanta riƙe sifana. Da ban koya masa ba, da ba shi suke riƙewa ba. In kai ba za ka yi min ba, zan shafa baƙin mai in tafi."

Na san shi, zai aikata. Na jawo kwalin rini daga ƙasan kanta ina ƙunƙuni.

Ban taɓa yin aiki mai kyau kamar na ranar ba, kuma ina faɗa ne ba don yabon kai ba. Wawa ne ke rina tsoho baƙi wuluk, daga nesa za a gane. Na bar masa 'yar furfura kaɗan a gefen kunnuwa, irin ta mai arba'in da tara da rayuwa ta ɗan taɓa. Na rage gemun, na bi gashin baki da ƙaramin buroshi, na bi gira ɗaya bayan ɗaya, har gashin cikin kunne sai da na tsince. Muna cikin haka, kansa naɗe da leda, sai aka turo ƙofa. Surukarsa ce, matar Ƙarami, ta je gareji da kwanon abincinsa ba ta same shi ba. Yarinyar tana goye a bayanta.

Ta dubi ledar, ta dubi kwalin rini, ta juya ta dubi ofishin da ke tsallaken titi. Mace ce mai kaifin hankali, ba sai an yi mata bayani ba. Ta ajiye kwanon a hankali.

"Baba, aure za ka ƙara ne?"

Ya kawar da kai gefe.

"Don in aure ne, ina murna. In kuwa abin da nake zato ne, wallahi ban yarda ba." Ta matso kusa da shi. "Na ba su miji. Yanzu kuma uba zan ba su? Gidan nan fa mu uku ne. In ka tafi, wa zan kira in yarinyar nan ta kwana da zazzaɓi?"

"Ga kawunki nan," ya ce, yana nuna ni da haɓa.

"Kawu aski ya iya."

Wannan ta shige ni, amma gaskiya ce, na haɗiye.

"'Yata, zauna," in ji shi. Ba ta zauna ba. "Ni na ci zamanina. Na ga girman ɗana, na ga aurensa. Shi bai ga ko haƙorin 'yarsa na farko ba. In na je na karɓe shi, kin sami miji, ita ta sami uba. Tsoho ɗaya a bakin saurayi ɗaya, ai ko a kasuwa an ci riba."

"In kuma suka riƙe ku duka biyun fa?"

Ta gyara goyonta, ta juyo gare ni da jajayen idanu ta ce, "Kawu, kai ma da hannunka a ciki. Na gode." Ta fita ta bar ƙofar a buɗe. Na ji kamar in nutse, amma rini ya riga ya kama, ba a mayar da shi kwali.

Washegari Litinin, ranar da nake tsallakawa ofis da jakar kayana. Muka tafi tare, shi a gaba yana tafiyar samari, yana cije leɓe duk lokacin da gwiwar ta motsa masa. Ɗakin jira mai benci takwas ne, mutum biyu muka tarar. A gaban tebur Saje ne zaune, wanda ke kula da ɗaukar kurata. Bai wuce arba'in ba, amma ya yi wata goma sha takwas a bakin daga, ya dawo da ɗingishi da yatsu takwas. A allon da ke bayansa an rubuta da alli: ana buƙatar sittin, an samu tara.

"Baba, wa ka rako?" ya tambayi Baƙin Mai.

"Kaina na kawo, Yallaɓai."

Saje ya ɗaga ido ya dube shi sama da ƙasa. "Shekaru?"

"Arba'in da tara."

"Takardar haihuwa?"

"Ta ɓata tun ambaliyar bara waccan."

Saje ya tura masa fom, Baƙin Mai ya rubuta arba'in da tara da hannunsa ya sa hannu. Ni ina gefe ina goge injina da ba abin da ya same shi. Na ce a raina an wuce wurin mai wuya. Ashe aski bai zo gaban goshi ba tukuna.

Ɗakin likita labule ne kawai ya raba shi da inda nake aski, kuma labulen bai kai bango ba. Na ga an auna tsawonsa, an auna nauyinsa, ya karanta baƙaƙen allo har layi na biyar. Sai likita, wani siririn mutum mai tabarau, ya rataya abin sauraron ƙirji a kunne ya ce, "Cire riga."

A nan injin ya kusa faɗuwa daga hannuna. Shekara talatin da ɗaya aikina daga wuya ne zuwa sama. Ban taɓa tunanin abin da ke ƙasan kwala ba, shi ma da ya saba kwana cikin rigar aiki bai tuna ba. Ya ɓalle maɓallai, ƙirji ya fito fari fat, kamar an shimfiɗa auduga a rana. Kai na ɗan arba'in da tara, ƙirji na kakan wani.

Likita ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya leƙa ta labule ya ce, "Saje, zo ka ga ikon Allah. Mutum ya fara tsufa daga ƙasa."

Saje ya ɗingiso ya tsaya. Ya dubi ƙirjin, ya dubi kan, sannan ya juyo ya dube ni. Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige.

"Aikinka ne wannan, Baba mai aski?"

"Nawa ne, Yallaɓai."

"Ka iya. Har na kusa yarda." Ya ja kujera ya zauna, dariyar da ta fara zuwa masa ta koma. "Kun san abin da doka ta ce a kan wanda ya rubuta ƙarya a fom ɗin nan? Sunansa zai shiga littafi, ba za a sake karɓarsa ba ko da gobe an ɗaga shekaru zuwa ɗari. Ni kullum masu ƙara wa kansu shekaru nake kamawa don su tsira. Yau na ga mai ragewa. Baba, me kake nema a can?"

Baƙin Mai bai mayar da rigarsa ba. Yana tsaye da farin ƙirjinsa ya faɗi komai: ɗansa, motoci goma sha huɗu, wata ashirin da shida, yarinyar da ke kiran waya Baba. Bai roƙa ba, bai sunkuyar da kai ba. Ya ƙare da cewa, "Hamsin da shida ne. Na yi ƙarya, laifina ne, shi wannan tilasta masa na yi. Amma hannun nan bai yi ƙarya ba. Kuna neman bakanike, ga bakanike."

"Bakanike ne kai?" Saje ya miƙe zaune. "To me ya kai ka rini? Ba ka karanta sanarwar ba?"

"Na karanta. Hamsin."

"Har ƙasa?"

Ya buɗe durowa ya zaro irin takardar da ke bangona, ya ɗora yatsa a kan ƙananan rubutun. Masu sana'ar hannu, kanikawa da masu walda da masu gyaran lantarki, ana karɓarsu har shekara sittin, in sun ci gwajin aiki. Wata biyar ke nan da fitowar dokar, in ji shi, kuma ba mutum ɗaya da ya zo a kanta.

Baƙin Mai ya juyo a hankali ya kalle ni. Ya san bangon shagona kamar tafin hannunsa, ya san abin da ke rufe da wannan wurin.

"Hoton 'yan gayu," ya ce. "Ka rufe min ɗana da hoton 'yan gayu masu tsagin kai."

Likita ya juya baya kafaɗunsa suna rawa don dariya.

Saje ya ɗauki fom ɗin ƙaryar ya riƙe shi a sama. "Akwai motar da ke kai kurata sansani, tana bayan ofis. Mako uku tana kakkarwa tana hayaƙi, an ce sai an sauke inji, kuma ba mai saukewa. In ka tashe ta, ban taɓa ganin takardar nan ba. In ka kasa, littafi."

Muka fita baya gaba ɗaya, har da samarin nan biyu na benci. Direba ya tayar da motar, ta hau jijjiga kamar mai jin sanyi, baƙin hayaƙi ya turnuƙe. Baƙin Mai bai nemi akwatin kaya ba. Daga aljihun wandonsa ya zaro doguwar sukundirebarsa mai mariƙin katako, wadda ta girmi Ƙarami. Ya taka taya ya hau, gwiwar ta yi ƙara kowa ya ji, bai kula ba. Ya ɗora bakin sukundirebar a jikin inji, ya manna mariƙin a ƙashin bayan kunnensa, ya rufe ido. Haka yake yi tun muna samari, yana cewa inji ba ya ɓoye ciwonsa, mutane ne ba sa saurare. Ya saurari nozul na farko, wato bakin da ke fesa wa inji mai, ya matsa na biyu, ya matsa na uku. A nan ya daɗe. Ya wuce na huɗu, ya sake dawowa.

"Kashe," ya ce wa direba. "Wa ya ce a sauke inji? Lafiyarsa ƙalau. Na uku ne ya toshe, 'yan'uwansa suna ɗaukar masa kaya."

Ya kwance shi, ya wanke, ya busa, ya bi ramin da siririyar waya, ya mayar. Bai cika awa ɗaya ba. Da aka sake tayarwa, motar ta yi tari sau biyu, sannan muryarta ta daidaita, hayaƙin ya washe. Zufa ta jiƙa masa kai, rinin girarsa ya gangaro kumatu, ga farin ƙirji ya sha baƙin mai. Ban taɓa ganin mutum ya yi muni haka ba, ban kuma taɓa alfahari da abokina kamar ranar ba.

Saje ya yaga fom ɗin gida huɗu. Muka koma ciki ya ɗauko sabo, amma bai miƙa ba, ya ɗora hannunsa mai yatsu uku a kai.

"Baba, kafin ka sa hannu, ni ba zan yi maka irin ƙaryar da aka yi mana ba. Ba ni ke tura mutane ba. Kanikawan da ke jiran canji layi gare su, wanda ya fi daɗewa shi ne a gaba. In ka je, na gaban layin za ka karɓa, ko waye shi, ko a ina yake. Ba lalle ɗanka ba ne. Mai yiwuwa ma ba za ka sa shi a ido ba."

Maganar surukarsa ta dawo min, in suka riƙe ku duka biyun fa. Na matsa kusa da shi na ce a hankali, "Mutumina, tashi mu tafi gida. Ba abin kunya ba ne. Ba wannan cinikin ka zo yi ba."

"Ɗana na nawa ne a layin?" ya tambayi Saje.

"Ban sani ba. Takardar tana babban gareji na sansani."

"Amma in na karɓi na gaba, layin zai matsa?"

"Zai matsa da mutum ɗaya."

"In ban je ba fa?"

"Yana nan inda yake."

Baƙin Mai ya dubi hannuwansa. Sannan ya ce, "Wanda ke gaban layin ma ɗan wani ne. Ba ni biro." Ya rubuta hamsin da shida, manya-manya, har biron ya kusa huda takardar.

Ni na aske shi, kamar yadda nake aske kowane kurtu. Aikin da na ɓata rabin yini ina yi, cikin minti uku ya zube ƙasa, baƙi a sama, fari a gindi. Hawaye suna hana ni ganin ƙeyarsa, shi kuwa sai tsiya yake min, wai in yi a hankali kar in yanke kunnen da zai ci abinci da shi. Bayan kwana huɗu motar da ya gyara ta ɗauke shi. Surukarsa ta zo rakiya, ta durƙusa ta gaishe shi, ta ba shi ƙullin magungunan gwiwa. Ni ko kallo ban ishe ta ba, kuma daga ranar ta daina bi ta ƙofar shagona.

Wata huɗu suka wuce. Ran nan da hantsi wani saurayi ya shigo da jakar soja a kafaɗa, gashi ya cika masa kai, idanunsa sun faɗa. Ya tambaya ko ni ne Sarkin Aska. Mutum ɗaya ne a duniya ke kirana haka.

"Wani tsoho ne ya aiko ni," ya ce. "Shi ya karɓe ni. Wata talatin da uku na yi. Garinmu yana gaba, amma ya ce lalle in sauka a nan in ba da saƙo, kuma in ce ka aske ni kyauta, bashin hoton 'yan gayu ne."

Na aika a kira matar Ƙarami. Ta zo da sauri, mayafinta a karkace, yarinyar tana biye da ita. Da ta ga kaki daga nesa ta ƙara sauri, da ta iso ƙofa ta ga fuskar ba ita ba ce, sai ta dafa bango. Na ga abin da ya wuce a idonta, kuma ba na fatan in sake gani.

Saurayin ya miƙe tsaye. Ya ce tsohon yana lafiya, kansa ya koma fari, yaran sansani suna ce masa Likita. Ya ce ba su haɗu da Ƙarami ba, amma sun yi magana ta rediyon sojoji, Ƙarami ya yi faɗa kamar zai fasa na'urar, daga baya ya yi kuka. "Kuma ya ce in gaya miki ya ga takardar layin da idonsa. Mijinki na bakwai ne a da. Yanzu na shida ne." Ya sunkuyar da kai. "Ki yafe min, Yaya. Na san ba ni kike jira ba."

"Kana da iyali?" ta tambaye shi.

"Ina da ɗa. Ban taɓa ganinsa ba."

Ta share fuskarta da gefen mayafi ta ce, "To me ka tsaya yi a nan? Kawu, aske shi da sauri, kar yaron ya ga ubansa ya tsorata."

Rabon da ta ce min Kawu tun ranar rini. Na ɗaura masa ƙyalle na fara aiki. Ita kuwa ta zagaya bayan kantar shagon ta ɗauko guntun sabulun da nake haɗa kumfa da shi, ta je gaban madubi, ta rubuta lamba shida a kusurwar sama, babba, yadda duk wanda ya zauna a kujerar sai ya gan ta.

"Kar ka goge," ta ce. "Na san ba ka cewa kowa ya je, ni ma ban ce ka ce ba. Amma duk wanda ya tambaye ka mene ne wannan, ka gaya masa. Ka gaya masa kuma ka ga wanda ya dawo, a kujerar nan ya zauna."

A ranar na cire hoton 'yan gayu daga bango. Mutane suna tambaya, ina faɗa musu, ba na ƙari ba na ragi. Wasu su yi tsaki, wasu su ce Allah ya kyauta, wasu su yi shiru har in gama askin. Wani mai gyaran janareto ya zo aski sau uku a wata ɗaya, kai ba gashi, yana zaune yana kallon kusurwar madubin. A zuwa na huɗu ba shagona ya shigo ba, a tsallaken titi na aske shi.

Kullum da safe nakan goge madubin, in zagaye wurin da tsumma kar in taɓa. Yau da sassafe ina buɗe shago ta iso, wayarta a hannu, yarinyar tana riƙe da zanenta. Ta karɓi tsumman daga hannuna ta goge shidan da kanta, ta ɗaga yarinyar sama, ta damƙa mata sabulun, ta riƙe ɗan hannun suka rubuta biyar.